Mato Mai Mage da Murfin Rijiyata

Ku da kuka san Mato, ku faɗa mini tsakaninku da Allah: akwai gidan da ya taɓa shiga ya fara da gaisuwa? Babu! Daga zaure zai rafka sallama, kafin ki amsa ya wuce ki fuuu kamar an jefo shi, sai bakin rijiya. Ya leƙa. Ya taɓa murfi in akwai. Ya zagaya gindin randa, ya ɗaga faifai ya mayar. Ya sunkuya bayan ƙyaure yana shinshine-shinshine kamar mai neman inda aka ɓoye daddawa. Sai ya gama duk wannan sannan ya miƙe, ya kaɗe gwiwa, ya ce, "To jama'a, ina kwananku?"

Ko ranar da aka yi mini rasuwar maigidana Malam bai fasa ba. Gida cike da mata, ina zaune a kan tabarma ido ya kumbura, ya zo ya durƙusa ya yi addu'a mai kyau, har ya tayar mini da wani sabon kukan. Da ya shafa sai ya matso, ya rage murya. Na ce a raina wata maganar ƙarfafa zuciya ce zai yi. Ya ce, "Dije, Allah ya ji ƙan Malam. Amma rijiyar nan taki har yanzu a buɗe take."

Wallahi ba don idon mutane ba, da muciya zan raka shi zaure!

Ga waɗanda suka taso daga baya: Mato taubashina ne. Ubana da uwarsa ciki ɗaya suka fito. Ni 'yar namiji, shi ɗan mace, kun ga ke nan bawana ne, ko da yake ya girme ni. Haka nake kiransa, shi kuma ya ce mini uwargijiya, yana faɗa yana murguɗa baki. Aikinsa gadin shagunan hatsi a kasuwar Gumel, tun gemunsa yana baƙi wuluk har ya koma fari fat. Amma ba da sanda ya yi suna ba, da maguna ya yi. Irin magunan nan nasa masu dogon jiki da ƙaramin kai, duk ɓeran da ya taka layin shagunansa to ya yi bankwana da danginsa. Daga Gagarawa har Sule Tankarkar babu mai rumbun da ba ya kwaɗayin a ba shi 'ya ɗaya.

To a nan fa ake yin ta! Mato ba ya sayarwa, kuma ba ya bayarwa da kaka. Ya ce da kaka kowa masoyin mage ne, rumbu ya cika, ɓera ya yi yawa, kowa sai "ba ni, ba ni." Da hatsi ya ƙare sai a kore ta da tsintsiya, ta koma bin juji. "Ku dawo tsakiyar damina," in ji shi, "lokacin da rumbu ya koma sai ƙaiƙayi, tuwo ya koma sau ɗaya. Wanda ya zo neman ƙarin baki a lokacin, shi zan saurara." In kin ce masa, haba Mato, duk wannan a kan mage? Sai ya ɗaga yatsa ya ce, "Rai ne fa!" Wannan kalma ita ce gaisuwarsa, ita ce faɗansa, ita ce sallamarsa.

Kun tuna wani Alhaji mai fataucin riɗi daga Maigatari? Ya zo da kansa, da babbar riga tana ƙamshi, ya tsaya a kan Mato ya ce 'yan maguna biyu yake so na sito.

Mato ya ce, "Alhaji, me za su ci?"

"Ɓera mana! Don me zan ɗauke su?"

"In ɓeran ya ƙare fa?"

"Ai ba ya ƙarewa."

"To ashe ba su da amfani ke nan. In kuma suna da amfani, zai ƙare. Wanne ka zaɓa?"

Mato bai bar shi ya huta ba. "In ka tsallaka Damagaram ka kulle siton, wa zai zuba musu ruwa?"

Alhaji ya fusata ya ce, "Kai Malam, ko auren 'yarka na zo nema ai ba ka yi mini wannan titsiyen ba!"

Mato ya ce, "'Yata tana da baki, in ka kulle ta za ta yi ihu a ji. Sauka lafiya, Alhaji."

Akwai kuma wata mage da ya ba wasu Fulani a wata ruga bayan Sule Tankarkar. Sun cika duk sharaɗinsa, ya ba su. Kwatsam sai ya ji labari wai za su tashi su yi kudu da shanu. Wayyo, ku ga Mato! Ya ce shi ke nan, za su bar masa ita a kufai. Ya ɗauki kwando, ya shiga motar haya, inda mota ta tsaya ya ci gaba da ƙafa cikin rairayi. Da yamma sai ga shi ya dawo da kwando wayam, fuska a murtuke.

Na ce, "Bawa, ina magen? Sun yar da ita?"

Ya ce, "Ina fa! Na tarar an ɗora ta a kan jaki cikin ƙwarya, an shimfiɗa mata zani, ta sha nono har wuyanta ya yi ninki. Ta fi ni ƙiba."

"To sai me? Ba abin da kake so ke nan ba?"

"Ko kallona ba ta yi ba, Dije! Na kira ta, ta yi hamma. Butulu!"

Ya yi kwanaki ba ya cin abincin kirki don haushi.

To yanzu ku gyara zama, ga nawa. Kowa ya sani, daga nan har bakin iyaka, babu macen da ke kantun riɗi kamar nawa. Ba yabon kai ba ne, ku tambaya. Direbobi har ajiyewa suke sa a yi musu. To wata shekara ɓeraye suka ɗaura mini yaƙi. Suka huda buhun riɗina, suka ci gefen zanin Sallata, har kaushin ƙafata suka ɗanɗana. Duk wannan na daure. Sai ranar da wata mata ta dawo mini da kantu a ƙofar gida, a gaban mutane, tana ɗaga wani ɗan baƙin abu tana cewa kashin ɓera ne. Na ce mata riɗi ne ya ƙone, kuma har gobe a kan haka nake. Amma magana ta fita. Masu saye suka fara juya kantuna gaba da baya kafin su kai baki. Ni Dije! Sunan da na yi shekaru ina tarawa, ɓera zai zubar mini?

Na jira damina ta kai tsakiya, don na san dokarsa, na yafa mayafi sai gidan Mato. Lokacin ƙafa ta fara ba shi wahala, ya bar gadi, magunan kasuwa ya bar wa wanda ya gaje shi. Guda ɗaya ya dawo da ita gida, wata ja mai farin ƙirji, Tasalla, don ranar Salla aka haife ta. Masifaffiya ce ta ƙarshe, ba ta zama gida ɗaya da wata mage, ko 'ya'yanta da ta yaye su sai ta fatattake su. Na tarar da ita kwance da 'ya'ya, ƙanana masu kyau kamar a haɗiye.

Na ce, "Bawa, zaɓo mini wadda ta fi kyau."

Ya ce, "Uwargijiya, rijiyarki."

"Na haifi 'ya'ya na raine su a gidan nan, babu wanda ya faɗa!"

"'Ya'yanki sun taɓa bin ƙadangare a guje har kan bakin rijiya?"

"Akwai wanda ya yi."

"To shi Allah ya tsare. Je ki rufe."

Na tafi ina sababi, amma na sa mai walda ya yi wa rijiyar murfin ƙarfe har da wurin kwaɗo. Na dawo. Ya zo ya duba, ya ɗaga ya rufe, ya ɗaga ya rufe, har ya hau kai ya yi tsalle. Na ce to, a ba ni. Sai ya karkata kai yana sauraro.

"Kukan me nake ji?"

"'Yan tsakina ne."

"A sake? Ranar da magen ta kama ɗaya, ke da na sani, taɓarya za ki ɗauka. Alhali ba laifinta ba ne, halittarta ce. A yi akurki."

Aka yi akurki. Kafin a gama, 'ya'yan Tasalla duk ya rabar. Ya ce in jira wata haihuwar.

Wata haihuwar ta zo. Ya shigo da shinshine-shinshinen nan nasa, ya miƙa hannu saman ƙofar ɗakin girki, sai ga shi da ƙullin shinkafar ɓera. Ya riƙe ta da yatsa biyu, ya dube ni kamar ya kama ni da kan mutum.

"Dije! Ɓera ya ci wannan, ya fito yana tangaɗi, mage ta cafke shi, wa kika kashe?"

Na ce, "Ba tawa ba ce, ajiya aka ba ni."

"Wa ya ba ki?"

"Ba a tona asirin mai ajiya."

Ya haƙa rami a bayan gida ya binne ta da hannunsa, ya danne da dutse. Sannan ya sa na nemo tsohon daro na cika da yashi don ba-hayarta, na kafa kasko a inuwa don ruwanta. Mage babu, amma kullum sai na sake ruwan kasko, don ban san ranar da zai faɗo ba. Tsuntsayen unguwa kaf suka mayar da gidana mashaya.

Na ce yanzu fa? Ya ce, "Ke da ba a biki babu ke? Yau Gagarawa, gobe Maigatari. In kin tafi kwana da kwanaki wa zai ba ta abinci? Kin ma tambayi mutanen gidan ko suna so?"

To a nan ya taɓo inda ke ciwo. Rabi matar ɗana, wadda muke gida ɗaya, tsoron mage take kamar ranta. A garinsu an cika mata kai da cewa ba kowace mage ce mage ba. In ta hango ido yana ƙyalli sai ta hau turmi tana salati. Mato bai yi mata faɗa ba. Kullum da hantsi sai ya zo da Tasalla a kafaɗa, ya zauna can nesa, ya ce, "Rabi 'yata, ɗan miƙo mata ƙanzon nan." Da farko da ludayi mai dogon hannu take turawa. A hankali ta koma ajiyewa ta ruga. Ranar da na ga Rabi tana tsince wake Tasalla kwance a kan gefen zaninta, na rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo suna tambayar wa ta haihu!

Duk da haka bai ba ni ba. Wai 'ya'yan wannan karon an riga an yi alkawarinsu.

Raina ya ɓaci. Na ce shi kaɗai ke da mage a duniya? Na je suna a Gagarawa Tasha, na ga wata mage ta haihu a bayan rumbu, na ce a ba ni ɗaya, aka ce ɗauki duka ma. Na ƙunso ɗaya a gefen zani na dawo ina taƙama. Ko mayafi ban cire ba sai ga sallamarsa. Har yau ban san wanda ya kai masa rahoto ba, amma ina zargin Rabi.

Ya buɗe zanin, ya ga ɗan abu ido bai gama buɗewa ba, yana ta laluben nono a tafin hannuna. Ban taɓa ganin fuskar Mato haka ba.

"Uwargijiya, ke aka raba da naki yana wannan girman, ya za ki ji?"

Na ce, "Zan ba shi madara."

"Madarar shanu zawo za ta sa shi. Wa zai lashe shi? Wa zai ɗumama shi? Rai ne fa!"

Ya cire hularsa ya sa ɗan magen a ciki. Mato da ko wanka ana zargin da hula yake yi! Haka ya ratsa gari da sanƙo a waje yana sheƙi, ya shiga motar Gagarawa, ya mayar wa uwar da ɗanta. Mutane suna ta yi masa jaje a hanya, sun zaci wani babban abu ne ya same shi.

Bayan wannan sai ya ce saura gwaji ɗaya, in raka shi asibitin dabbobi a yi wa Tasalla allurar rigakafi, kuma ni zan riƙe ta. Muka sa ta a kwando muka rufe da tsohon zani, muka hau adaidaita sahu. Direba yana tayar da inji Tasalla ta ce ba da ita ba! Ta yi waje da kai, ta haye kafaɗar direba, ya saki ihu yana kiran uwarsa, keke ya yi dama ya yi hagu, Mato yana ta "A hankali, za ka firgita ta!" Ni kuwa na warware mayafi na lulluɓe ta, na danne a ƙirji. Ta yakushe ni, ga tabon nan har yau, amma ban saki ba. Muka isa muka shiga layi, wannan da sa, wannan da raƙumi, ni da mage a rungume. Wani makiyayi ya ce, "Iya, nawa take bayarwa in an tatsa?" Na ce masa ta fi sanka hankali, ita ba a jan ta da igiya. Aka yi allura muka fito.

Mato ya dubi hannuna yana jini, ya ce, "Kin iya."

Na ce, "Sai yau ka sani? Ba ni 'yar magena."

Can ya ce, "Tambaya ɗaya ta rage. Mage tana daɗewa a duniya, Dije. In kin mutu wa zai riƙe ta?"

Jama'a, a tsakiyar titi! Na ce, "Bakinka ya sari dutse! Ni za ka yi wa fatan mutuwa? Kai da ka girme ni, kai da ƙafa ta ƙi, in ka mutu wa zai riƙe taka?"

Ya yi wata 'yar dariya ya ce, "Ni ai na daɗe da shiryawa."

Na yi fushi na daina zuwa gidansa. Na ce ya riƙe magunansa ya dafa ya ci.

Damina ta sake zagayowa, gero ya kai ƙugu, rumbuna suka koma fanko. Wata rana da hantsi aka aiko wai Mato yana kirana, jiki ya yi tsanani. Na tafi da guntun fushina. Na tarar da shi kwance ya zama kamar kara, Tasalla a kan ƙafafunsa da ciki ya yi nauyi, ga kwandon nan namu a gefe an shimfiɗa zani a ciki.

Ya ce, "Uwargijiya, rijiya a rufe?"

Na ce, "A rufe."

"Kasko da ruwa?"

"Tsuntsaye suna ta yi maka addu'a."

"To ɗauki Tasalla."

Na ce, "'Ya na roƙa, ba uwa ba."

Ya ce, "Da na ba ki 'ya, da ta girma ta mallake gidan. Kin san halin wannan, ba ta zama da wata. Ina zan kai ta? 'Yan ƙanana kowa yana so. Babba mai masifa kuwa, sai mai masifa irinta."

Sai a lokacin na gane. Murfin rijiya, akurki, daron yashi, Rabi da ƙanzo, tabon hannuna, ashe duk shekarun nan gidan Tasalla yake gyarawa, da guminmu, ni ina ta zaginsa!

Na ce, "Amma kai bawan nan mugu ne."

Ya ce, "Ba ki amsa tambayata ba. In kin mutu wa zai riƙe ta?"

Na ce, "Rabi ce. Ta ce za ta riƙe ta ko ban ce ba."

Ya lumshe ido ya ce, "To alhamdu lillahi." Ya sa hannu ya shafa kan Tasalla, ya ɗaga ta da ƙyar ya miƙo mini. Ba ta yakushe ni ba. Bai ga kakar wannan shekarar ba.

Tasalla kuwa ta haihu a cikin akwatina, a kan zanin Sallar nan da ɓera ya fara ci, ita ta ƙarasa shi. Ɓera ko na magani babu a gidana yanzu. Kantuna ya koma yadda yake, matar nan ma ta dawo saye, kallo ɗaya kawai na yi mata. Kuma na ga wasunku tun ɗazu suna leƙen kwandon da ke bayan ƙofa. Na gan ku! Kada wanda ya buɗe baki yanzu, kaka ce. Ku dawo in rumbu ya yi fanko, kuma ku sani sai na zo na ga rijiyarku da idona. Rai ne fa.

Har yau in aka yi sallama da ƙarfi a zaure, Tasalla sai ta miƙe ta tafi bakin rijiya ta zauna tana jira. Ni ma sai na ɗaga kai.

Allah ya ji ƙan Mato. Yadda bai bar mai rai ko ɗaya da ƙishirwa ba, Allah ka shayar da shi. Yadda ya nema wa marar baki masauki kafin ya tafi, Allah ka sa ya tarar da nasa a gyare, da inuwa da ruwan sanyi. Mu kuma in tamu ta zo, Allah ka sa mun shirya. Amin.